Ƙiba a yankin Funtua da Malumfashi: Yadda ci da motsa jiki ke daidaita nauyin mutum

Yankin Funtua da Malumfashi, a kudancin jihar Katsina, yana cikin wuraren da ke ciyar da arewacin Najeriya. Daga kasuwannin Dandume da Bakori da Funtua ake lodin masara da dawa da waken suya zuwa sassa daban-daban na ƙasar. Sai dai kuma, kamar yadda ake gani a sauran garuruwan arewa, cututtukan da ke da nasaba da ƙiba, irin su hawan jini da ciwon sukari, sun zama abin da iyalai da dama ke fama da shi a wannan yanki na manoma.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, sun nuna cewa a shekarar 2022, kashi 43 cikin 100 na manyan mutane a duniya nauyinsu ya zarce ƙima, kashi 16 cikin 100 kuma suna da ƙiba mai tsanani, adadin da ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A Najeriya, binciken kiwon lafiya da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da nauyin da ya wuce ƙima.

Masana harkar abinci sun ce tushen matsalar a yankuna irin wannan ba boyayye ba ne. An gaji tsarin cin abinci da ya dace da mutumin da ke wuni riƙe da fartanya, amma aikin ƙarfin ya ragu ga mutane da yawa, alhali girman malmalar tuwon bai ragu ba, an kuma ƙara mata mai da sukari.

Yadda jiki ke tafiya da lokutan shekara

A al'adance, nauyin manomi a ƙasar Hausa yana hawa da sauka ne tare da lokutan shekara. Da damina, lokacin huɗa da noman farko da maimai, aiki yana yin tsanani a daidai lokacin da hatsin rumbu ya yi ƙasa, don haka jiki yakan zube. Da kaka ta yi, abinci ya wadata, sai jiki ya murmure ya ɗan tara abin da zai ci a damina mai zuwa. Binciken da aka shafe shekaru ana yi a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya ya tabbatar da irin wannan hawa da sauka a tsakanin manoman Afirka ta Yamma, inda manya ke rasa 'yan kilo kowace damina su mayar da su bayan girbi.

A irin wannan rayuwa, ƙiba ba ta cika samun wurin zama ba. Shi ya sa ake kallon ta a matsayin alamar wadata da kwanciyar hankali, tumbi kuma ya zama shaidar arziki. Ko a shekarun 1970, lokacin da masana daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka gudanar da wani babban bincike a Malumfashi, hankalinsu ya karkata ne ga zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da sarar maciji da gudawa da tamowar yara.

Abubuwan da suka sauya

Sauyi na farko ya shafi abin da ake nomawa. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, wanda ya haɗa gundumomin Funtua da Malumfashi da Bakori da Faskari da Ƙanƙara. Shirin ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, ya kuma gina hanyoyin karkara. Sannu a hankali masara, wadda a da ake shuka ta a bayan gida don a gasa, ta zama babban amfanin gona, tuwon masara mai fari da laushi ya ture tuwon dawa a gidaje da yawa.

Sauyi na biyu ya shafi aiki. Maganin feshi ya rage noman fartanya, tarakta da garmar shanu sun ɗauke huɗa, injin casa ya ɗauke sussuka, injin niƙa kuma ya hutar da mata daga daka da niƙa. Babur da a-daidaita-sahu sun maye gurbin tafiyar ƙasa da keke. Ga kuma ɗimbin 'yan kasuwa da dillalan hatsi da ma'aikata da malamai da direbobi, waɗanda ke wuni a zaune. Matsalar tsaro da ta addabi Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara a shekarun baya-bayan nan ita ma ta raba wasu manoman da gonakinsu, ta mayar da su zaman gari.

Sauyi na uku shi ne shigowar abincin kanti da na bakin titi: burodi da shayi mai madara, taliya, indomi, biskit da lemon kwalba.

Bisa ma'aunin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, namiji matsakaici da ke aikin ƙarfi a gona yana iya buƙatar kalori 3,000 zuwa 3,500 a rana. Kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki. Idan mutumin nan ya koma zaman shago, buƙatarsa tana sauka zuwa kimanin 2,500 ko ƙasa da haka. Duk rarar da ya ci bai ƙona ba, jiki yana adana ta ne a matsayin kitse.

Yadda ake gane ƙiba

Likitoci suna amfani da ma'aunin da ake kira BMI, wanda ke gwada nauyin mutum da tsayinsa. Ana ninka tsayin mutum a mita da kansa, sannan a raba nauyinsa a kilo da abin da aka samu. Misali, mutum mai tsayin mita 1.70 da nauyin kilo 85, za a raba 85 da 2.89, a sami 29.4.

A tsarin WHO, abin da ya gaza 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce ƙima, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce mai tsanani. Ke nan mutumin da aka yi misali da shi yana dab da shiga rukuni na ƙarshe, kuma nauyin da ya dace da tsayinsa bai kamata ya wuce kilo 72 ba.

Amma wannan ma'auni ba ya bambanta tsoka da kitse, ba ya kuma nuna inda kitsen ya taru. Kitsen ciki, wanda ke lulluɓe hanta da hanji, shi ya fi haɗari. Don haka ake auna ƙugu a daidai saitin cibiya. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ce haɗari yana farawa daga santimita 94 ga maza, santimita 80 kuma ga mata. Akwai kuma wata hanya mai sauƙi da hukumomin lafiya na Birtaniya suka amince da ita a 2022, wato kada faɗin ƙugu ya kai rabin tsayin mutum. Wannan ba ya buƙatar sikeli ko awon tela: a auna tsayin mutum da igiya, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, tumbin ya yi yawa.

Amfanin rage ko da kaɗan ne

Ƙiba tana ƙara haɗarin hawan jini, ciwon sukari, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon gwiwa da baya, da wasu nau'o'in sankara. Ga mata, tana iya dagula al'ada, ta jinkirta samun ciki, ta kuma haifar da matsala wajen haihuwa. Yawancin waɗannan cututtuka ba sa nuna alama da wuri. Ƙiyasin shekarar 2021 ya nuna cewa fiye da rabin masu ciwon sukari a nahiyar Afirka ba su san suna ɗauke da shi ba.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne ba sai mutum ya koma siririn saurayi ba kafin ya ga amfani. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 85, yana saukar da hawan jini da sukarin jini. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora kan gyaran abinci da tafiyar minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka bai wa magani kawai sun rage shi ne da kashi 31.

Saurin da likitoci suka yarda da shi shi ne rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Rage kusan rabin kilo a mako yana samuwa idan aka rage kimanin kalori 500 daga abin da ake ci a rana. Yunwatar da kai na kwana da kwanaki yana zubar da ruwan jiki da tsoka ne, kuma nauyin yakan dawo da zarar an koma cin da aka saba.

Tuwo da miya

Akwai fahimtar da ta yaɗu cewa masara ce ke sa ƙiba, dawa da gero da alkama da acca kuwa ba sa sawa. Gaskiyar magana ita ce dukkan waɗannan hatsi kuzarinsu kusan ɗaya ne, kimanin kalori 350 a kowane giram 100 na busasshen gari. Wanda ya bar malmala uku ta tuwon masara ya koma malmala uku ta tuwon alkama bai rage komai ba.

Bambancin yana wajen yawan abin da aka ci da kuma yadda aka sarrafa shi. Surfe mai yawa yana cire dusa da idon ƙwaya, waɗanda su ne ke sa abinci ya daɗe a ciki, su kuma hana sukari hauhawa cikin jini da sauri. Hatsin da aka niƙa da dusarsa, ko aka yi masa surfe sama-sama, ya fi riƙe ciki.

Shawarar da masana ke bayarwa ita ce a raba kwano gida huɗu: kashi biyu ganye da kayan lambu, kashi ɗaya tuwo ko shinkafa ko dankali, kashi ɗaya kuma wake ko kifi ko nama ko ƙwai. A aikace, wannan yana nufin a juya tsarin da aka saba, miya ta yi yawa tuwo ya yi kaɗan. Ga mai neman rage nauyi, malmala ɗaya da ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba ta wadatar a zama guda.

Yankin ba ya rasa abin da za a cike gurbin. Akwai zogale, rama, yakuwa, alayyafo, tafasa, kuka, kuɓewa, karkashi da kabewa, ga tumatir da albasa da kabeji da karas na masu noman rani a Ɗanja da bakin madatsun ruwa irin ta Mairuwa. Abincin gargajiya kamar faten tsaki mai yalwar ganye, dambun zogale, da kwaɗon rama, sun riga sun dace da wannan tsari, muddin ba a malala musu mai ba. WHO ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, kuma mangwaro da gwaiba da gwanda da kankana da lemo, kowanne yana araha a lokacinsa.

Wake da waken suya suna da sinadarin gina jiki, suna kuma ƙosarwa na tsawon lokaci. Ɗanwake, alale, da shinkafa da wake wadda waken ya rinjaya, sun fi farar shinkafa zalla ko taliya amfani ga mai kula da nauyinsa.

Cin abinci a kwano ɗaya al'ada ce mai ƙarfafa zumunci, amma tana hana mutum sanin iyakar abin da ya ci. Mai fama da ƙiba zai iya ɗebe rabonsa gefe tun farko, ya ci a hankali, domin saƙon ƙoshi yakan ɗauki kusan minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Wannan bai saɓa wa tarbiyyar Musulunci ba, wadda ta hana almubazzaranci a ci da sha, ta kuma kwaɗaitar da a bar wa ruwa da numfashi rabonsu a ciki.

Mai da sukari da gishiri

Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, fiye da ninki biyu na abin da ke cikin hatsi ko sukari. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu yana da kimanin kalori 120. Uwargidan da ke tsiyaya mai daga galan kai tsaye zuwa tukunya ba za ta san abin da ta zuba ba, amma idan tana aunawa da cokali ko ludayi, za ta iya rage rabi ba tare da miyar ta lalace ba. Ƙosai da awara da waina da soyayyen dankali duk suna shan mai, don haka ya fi kyau su zama na lokaci-lokaci. Ana iya saka awara a miya maimakon a soya ta. Wajen mai tsire da balangu kuma, a zaɓi tsoka a bar kitse. Gyaɗa abinci ce mai amfani, amma giram 100 nata ya haura kalori 550, don haka cikin tafin hannu ɗaya ya isa.

Game da sukari, ƙa'idar da WHO ta fitar a 2015 ta ce kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babban mutum, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Zuma da mazarƙwaila da ruwan 'ya'yan itatuwa da aka tace duk suna cikin lissafin.

Idan aka ɗauki ɗan kasuwa mai shan shayi safe da dare, cokali huɗu na sukari a kowane kofi, ya sha giram 32. Idan ya ƙara da robar lemo mai santilita 50 da rana, wadda ke ɗauke da kimanin giram 53, jimilla ya kai giram 85, ko kalori 340, tun ba a lissafa abincinsa ba. Ƙona wannan kaɗai yana buƙatar tafiya da sauri ta fiye da awa guda. Saboda irin wannan illa ne gwamnatin Najeriya ta sanya harajin naira 10 kan kowace litar abin sha mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021.

Zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na gida ba su tsira ba idan aka cika musu sukari. Fura da nono kuwa cikakken abinci ce. Wanda ya sha kwano guda ya riga ya ci abincin rana, bai kamata ya ɗora tuwo a kai ba.

Gishiri ba ya sa ƙiba, amma yana haɗuwa da ita wajen tayar da hawan jini. Abin da aka amince da shi bai kai giram 5 a rana ba, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda. Kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne. Daddawa da citta da tafarnuwa da albasa da masoro suna ba da ɗanɗanon da zai sa a rage shi.

Motsa jiki

Ƙa'idojin WHO na 2020 sun buƙaci babban mutum ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Yara da matasa kuma suna buƙatar awa guda a kullum. Matsakaicin motsi shi ne wanda numfashi zai ƙaru, jiki ya ɗumama, amma mutum yana iya magana.

Wannan ba ya buƙatar gidan motsa jiki ko kayan wasanni. Tafiyar minti 30 da sauri, kwana biyar a mako, ta cika mafi ƙarancin abin da ake nema, kuma ƙa'idojin sun ce ko gajerun tafiye-tafiye ma suna shiga lissafi. Mutumin da masallacinsa ke da nisan minti biyar, idan ya taka da ƙafa zuwa da dawowa a salloli biyar, ya tara minti 50 a rana. Barin babur a gida idan za a je wurin da bai wuce kilomita ɗaya ko biyu ba, hawa keke zuwa shago, da taka gona da ƙafa maimakon tsayawa a bakinta, duk motsa jiki ne. Ga wanda ke wuni a zaune, miƙewa a ɗan zagaya kowane rabin awa ko awa guda yana da amfani.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar Asuba ko bayan La'asar, musamman da bazara lokacin da zafi ke kusantar maki 40 a ma'aunin Selshiyos. Masu asma su yi hattara da ƙurar hunturu. Saboda yanayin tsaro, tafiya cikin gari tare da abokai ta fi fita bayan gari mutum shi kaɗai.

Manoman da har yanzu ke aikin hannu ba su da matsala da damina. Lokacin da ya kamata su lura shi ne daga kaka zuwa ƙarshen rani, sa'ad da aiki ya ƙare, kuɗin amfanin gona ya shigo, bukukuwa kuma suka yawaita.

Masana sun jaddada cewa motsa jiki shi kaɗai ba ya rage nauyi sosai idan ba a gyara ci ba, domin abin da aka ƙona a tafiyar rabin awa, ƙosai kaɗan sun isa su mayar da shi. Babban amfaninsa shi ne kare zuciya, daidaita sukarin jini, da hana nauyin da aka rage dawowa. Barcin da bai kai awa bakwai ba shi ma yana ƙara sha'awar ci.

Halin da mata ke ciki

Ƙiba ta fi yawa a tsakanin mata, musamman na birni. Binciken 2018 ya nuna kashi 36 cikin 100 na matan birane a Najeriya nauyinsu ya wuce ƙima, idan aka kwatanta da kashi 21 a karkara. Haihuwa kusa da kusa, cin da ake ɗora wa mai jego, da zaman gida ba tare da daka da ɗiban ruwa irin na da ba, duk suna taimakawa.

Matan da ba sa fita suna iya zagaya tsakar gida da sauri na minti 15 safe da yamma, ko tsallen igiya, ko zama da tashi daga kujera sau da yawa a jere. Shara da wanki ma suna cikin lissafi. A nan goyon bayan maigida yana da muhimmanci, domin shi ke yin cefane, kuma tukunya ɗaya ce ke ciyar da kowa.

Akwai gargaɗi na musamman kan kunun kanwa. Binciken da likitoci suka yi a asibitin koyarwa na Zariya a shekarun 1970 ya danganta yawan shan sa, tare da wankan jego da kwanciya kan gado mai zafi, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a wannan shiyya. Kanwa tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke tara ruwa a jiki.

Azumi

Nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashen Musulmi sun nuna cewa masu azumin Ramadan kan rage kilo ɗaya zuwa biyu, amma yawanci nauyin yakan dawo cikin 'yan makonni bayan Salla. Wasu ma ƙaruwa suke yi, saboda soye-soye da kayan zaƙi da ake jerawa a lokacin buɗa baki.

Tsarin da ya fi shi ne a buɗe baki da dabino kaɗan da ruwa, a yi salla, sannan a ci abinci guda ɗaya mai ganye da wake. A sahur kuma a zaɓi abin da ke daɗewa a ciki. Masu ciwon sukari da ke shan magani ko yin allura su ga likita tun kafin watan ya kama, don a daidaita musu magani.

Magungunan ƙiba da na rama

Kasuwanni da shafukan sada zumunta sun cika da shayi da ƙwayoyin da ake cewa suna narkar da tumbi. Yawancinsu suna sa gudawa ko yawan fitsari ne, abin da ke zubar da ruwa ba kitse ba. A ƙasashe da dama an sha gano sinadarin sibutramin a cikin irin waɗannan kayayyaki, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana haddasa bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu 'yan mata ke sha musamman gabanin aure. Da yawansu suna ɗauke da deksametason, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya kawo hawan jini da ciwon sukari, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha bai kamata ta daina lokaci guda ba, sai ƙarƙashin kulawar likita.

Sababbin allurai irin su semaglutaid, wadda Amurka ta amince da ita don maganin ƙiba a 2021, suna rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi. Sai dai suna da tsada, suna buƙatar kulawar likita, kuma akasarin nauyin yana dawowa idan aka daina.

Waɗanda rage nauyi bai shafa ba

Ƙiba ɓangare ɗaya ce kawai ta matsalar abinci a jihar Katsina. Binciken 2018 ya nuna cewa fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a jihar sun tsumbure, wato ba su kai tsayin da ya dace da shekarunsu ba, kuma tun 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da yara masu tamowa a jihar. Akan sami uwa mai ƙiba da yaro mai tamowa a gida ɗaya. Masana sun kuma gano cewa yaron da ya tashi cikin ƙarancin abinci ya fi saurin kamuwa da ciwon sukari da hawan jini idan ya yi ƙiba a girmansa.

Saboda haka, shawarar rage ci ba ta shafi yara masu tasowa, mata masu ciki, tsofaffi masu rauni, da duk wanda ma'auninsa ya gaza 18.5 ba. Masu shayarwa ma su nemi shawarar ma'aikatan lafiya tukuna. Gyaran da ake so a tukunyar gida, wato ƙarin wake da ganye da ƙwai da nono, yana amfanar mai ƙiba da mai rama baki ɗaya.

Haka nan, ramar da ta zo ba tare da mutum ya neme ta ba, ba abin murna ba ce. Idan ta haɗu da yawan ƙishirwa da fitsari, ko tari na fiye da mako biyu, ko zufar dare, tana iya zama alamar ciwon sukari ko tarin fuka ko wata cuta, kuma tana buƙatar gwaji.

Riƙe nauyi bayan an rage

Likitoci sun ce rage nauyi ya fi riƙe shi sauƙi, domin jikin da ya ragu yana ƙona kuzari ƙasa da na da, yunwa kuma tana ƙaruwa. Waɗanda suka yi nasarar riƙewa yawanci su ne suka sauya abubuwa biyu ko uku da za su iya dawwama a kai, kamar barin lemon kwalba, rage malmala guda, da tafiyar safe, suna kuma hawa sikeli ko gwada igiyarsu a kai a kai.

Ga wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya, matakin farko shi ne awo. Ana gwada hawan jini da sukari a manyan asibitocin Funtua da Malumfashi da kuma cibiyoyin lafiya na matakin farko da dama a yankin. Mai shan maganin sukari ko na hawan jini ya sanar da likitansa kafin ya rage ci ko ya fara motsa jiki mai ƙarfi, domin adadin maganin da yake sha yana iya buƙatar sauyi yayin da nauyinsa ke sauka.